Ɗorawa Biyar a Gonar Yayana

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, ni itace na ɗauka. Mu biyu ya bari, ni da yayana, sai mahaifiyarmu da muke kira Inna, wadda ta ce tumuninta ta bar mana. Abin da ya bari bai wuce gida da gona guda ba, a bakin hanyar da ta tashi daga ƙauyenmu ta nufi Yammedi. Gonar ba ta da faɗin da za a yanka ta kowa ya samu abin kirki. Amma akwai ɗorawa biyar a cikinta, manya, tun kafin a haifi mahaifinmu suke tsaye. Liman ya ce in mun yarda, yaya ya riƙe ƙasa, ni in riƙe itatuwan, kamar yadda aka saba a yankinmu in ana gudun tsattsaga gona. Na ce na yarda. Yaya ma ya yarda, har da fara'a, don a ganinsa shi ya ci riba. Aka shafa fatiha a gaban mai unguwa, kowa ya kama gabansa.

Ba wauta na yi ba. A lokacin mijina ya rasu, na dawo gidanmu da yara uku, kuma ba ni da sana'ar da ta wuce daddawa. Wanda bai san ɗorawa ba sai ya ɗauka inuwa ce kawai. In rani ya tsaya ta yi jan fure, ta zuba 'ya'ya, sai in ɗauki doguwar gora mai ƙugiya in sauke su. Garin nan rawaya yara su sha, kalwar in dafa ta, in surfe, in wanke, in sake dafawa, in rufe ta har ta yi warin nan da maƙwabta ke toshe hanci alhali ba sa iya shan miya sai da shi. Ɓawon ma ba a zubarwa, makuba ce ta shafe katanga da daɓe. Ranar kasuwar Ƙaraye ina can, ranar ta Rogo ma in na samu mota ina can. Da wannan nake ciyar da 'ya'yana, da shi nake yi musu ɗinkin sallah, ban taɓa miƙa wa yaya hannu ba.

To, a shekarun nan na alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai damina ta fara yi mana wasa da hankali. Ruwa ya zo a makare, a yi shuka, ya ɗauke, shukar ta ƙone, a sake wata. Dawar kaura da muka gada tana son doguwar damina, sai ta fara fid da kai sannan sama ta washe, ka ga zangarniya a tsaye ba ƙwaya. Rafin da muke wanki a cikinsa har kaka ya koma ƙafewa tun kafin a yanke gero. A shekarar da abin ya fi tsanani, gidaje da yawa sun kwana ba a ɗora tukunya ba. A gidanmu garin ɗorawa muka riƙa damawa, yarana da na yaya duk a ƙwarya ɗaya suke sha. Ban faɗi wannan don gori ba, haka aka yi.

Bayan farin nan ne malamin gona ya fara zuwa mana a kan babur. Saurayi ne mai ladabi, in ya tsaya gaisuwa sai ka gaji. Ya tara maza a ƙofar gidan dagaci ya ce masana sun auna sun ga damina ta gajarce, don haka sun fitar da irin masara mai saurin nuna, gwamnati kuma za ta kawo irin, da takin zamani cikin rahusa, da tarakta ta yi huɗa. Labarin gajarcewar damina ban musa ba, kowa da idonsa ya gani. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin. Sai an haɗe gonakin da ke jere sun zama fili ɗaya, kuma sai an kawar da duk itace da kututturen da ke ciki, don garmar tarakta ba ta shiri da saiwa, masarar kuma ba ta son inuwa. Wanda bai share ba, ba tarakta, ba taki.

Abin haushin, a wannan watan dai rediyo ba ta da waƙa sai ta dashen itace. Hamada na tahowa, kowa ya dasa, wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu. Har mota aka turo ranar kasuwar Ƙaraye tana rabon 'yan tsiron darbejiya a baƙar leda. Na karɓi biyu, akuya ta cinye ɗaya.

Gonar yaya kuwa a tsakiyar jerin take. Maƙwabtansa na gabas da na yamma suka kwana biyu suna sara, ka ji gatari tun daga cikin gari. Kaɗanya, kanya, ɗorawa, duk aka kwantar. Matan da ke da haƙƙi a wasu itatuwan aka ba su haƙuri suka haƙura. Ina jin ƙarar gatarin ina surfen kalwa, na san saura ni.

Da hantsi yaya ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakina. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, abin da bai saba tambaya ba. Sannan ya ce, "Kin dai ji abin da ake ciki."

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya ce, "To, itatuwan nan za a kawar. In masara ta yi, kina da kasonki duk shekara, ban yi miki ƙarya ba."

Na ce, "In ba ta yi ba fa?"

"Za ta yi da yardar Allah."

"Dawa ma da yardar Allah muka shuka ta bara, Yaya."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ƙarƙashin itatuwan nan ba abin da ke yi masa sai 'yar gyaɗa da barkono, inuwa ta cinye masa kusan rabin gona, iyalinsa sun fi nawa yawa, kuma mutane sun zuba masa ido don in bai share ba tarakta sai ta yi zagaye. Duk gaskiya ya faɗa, ban ce ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma na ce masa masara in ta ƙi bana a sake shukawa baɗi, ɗorawa kuwa in ta kwanta, ni da shi ba za mu ga wadda za ta maye ta ba, sai dai jikoki. Na ce ranar rabo shi ya zaɓi ƙasa yana dariya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce taurin kaina ne ya sa ba wanda ya fito neman aurena tun da na gama takaba. Na ce Allah ya ƙara.

Magana ta kai gaban dagaci. Inna ta ce in tura kawunmu ya wakilce ni, mace ba ta zama a zauren maza. Na ce, "Inna, in na tura Kawu, kafin ya zauna ya ba su haƙuri a madadina." Na yafa mayafi na tafi da ƙafata.

Zauren ya cika. Dagaci na zaune, liman na gefensa, ga mai unguwa, ga malamin gona da hularsa a gwiwa, ga masu gonakin jerin duk sun haɗe rai. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa. Dagaci ya tambayi liman yadda aka yi rabon, liman ya faɗa tiryan-tiryan, bai rage ba bai ƙara ba: ƙasa ta namiji, itace na mace, a kan haka aka shafa. Daga nan kowa ya juyo kaina da haƙuri. Ki yi haƙuri, ki dubi jama'a, ki dubi zumunci, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani dattijo har da cewa haƙuri maganin zaman duniya, shi da ya sare kaɗanyar matarsa bai ko gaya mata ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi wa malamin gona tambaya." Dagaci ya ɗaga hannu. Na ce, "Malam, ofishin da ya aiko ka, da wanda ya aiko motar rabon dashe ranar kasuwa, gwamnati ɗaya ce ko biyu?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗaya ce, baiwar Allah, sai dai kowane ofishi da aikinsa. A makaranta an koya mana amfanin itace a gona, yana riƙe ƙasa, yana tare iska. An kuma koya mana saiwa tana karya garma. Na kai maganar sama, aka ce tsarin daga nesa ya zo a haka, ba a taɓa shi. Ni ɗan aike ne."

Na ji tausayinsa, don na ga shi ma abin na damunsa. Amma tausayi ba ya cika tukunya. Na ce, "To ranka ya daɗe, tunda su ma can ba su daidaita ba, ni zan tsaya a kan na rediyo. In sun zauna sun shirya bakinsu, a zo a gaya mini."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Dagaci ya ce shi ba zai ƙwace wa marayu abin da shari'a ta ba uwarsu ba, amma yana roƙona in sake tunani. Na ce na gode, na riga na yi. Na tashi na fito.

Na ɗauka magana ta mutu, ashe da sauran rina a kaba. Lokacin sharar gona ya zo. Kowa ya san yadda ake yi, a tattara tushiyar dawa da ƙaya da busasshen ganye a tsakiyar fili a cinna wuta. Kowa kuma ya san ɗaya hanyar. In mutum yana son kashe itacen da ba shi da ikon sarewa, ba ya ɗaukar gatari. Sai ya tara sharar a gindinsa ya sa wuta, ɓawon ya ƙone ya zagaye, itacen ya bushe a tsaye a hankali. In an tambaye shi ya ce shara ya ƙona a gonarsa, wa zai kama shi?

Rana tsaka ina tsakar gida, wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari ta yi sallama. Ko ƙwaryar ba ta sauke ba ta ce, "Hayaƙi nake gani a gindin ɗorawarki, babbar nan ta bakin hanya."

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu. Da na isa, an jibga shara a gindin duka biyar ɗin, amma babbar kaɗai aka cinna wa, wutar har ta kama ɓawon ta gefen gabas. Yaya na tsaye da manjagara. Na karyo reshen sabara na hau dukan wutar, da ya ƙone na sa hannu ina janye karan da ke ci ina watsarwa, ina tura ƙasa da ƙafa. Ban ji zafin ba sai daga baya. Shi kuwa yana tsaye, bai taimaka ba, bai kuma hana ni ba.

Da wutar ta mutu na juyo, ina haki. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shara nake ƙonawa a gonata."

Na ce, "Duk faɗin gonar nan ba ka ga wurin tara shara ba sai gindin abincin marayu? Yaya, ka ji kunya. Wallahi ka ji kunya."

Ya ce, "Ke kika ja."

Na ce, "To ka saurara. Daga yau nan ne ɗakina. In za ka ƙona, ka haɗa da ni."

Kuka na yi a wurin, na baƙin ciki, don wannan mutumin shi ya goya ni ina ƙarama ya tsallaka da ni rafi. Na kwashe sharar nan tas daga gindin sauran huɗun da hannuwana da suka ɗuri ruwa, na kai ta tsakiyar fili na zube masa.

Washegari na kwaso turmi da taɓarya da ƙore da tabarma na kai ƙarƙashin itatuwan. Dahuwar kalwa a gida Inna ke kula da ita, amma surfe da daka da shanya duk a gona na koma yi. Tun fitowar rana ina can har faɗuwarta, da dare kuwa ba mai cinna wuta a fili gari bai gani ba. Masu wucewa zuwa Yammedi suka sa mini suna mai gadin ɗorawa. Wasu su ce sannu da aiki, wasu su ce Allah ya shirya. Matan da aka sare nasu sukan tsaya su sha ruwa a wurina, su yi ta kallon sama cikin rassan. Inna tana aiko mini da tuwo, amma kullum da saƙon cewa in dubi girman Allah in bar wa ɗan'uwana. Tana tsakanin 'ya'yanta biyu, ban ga laifinta ba. Haka na zauna har ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙe, babu sauran abin da zai ci wuta.

Tarakta ta zo. Na tsaya a gindin ɗorawata ina kallo, ta huɗe gonakin gabas, ta fita hanya, ta zagaya ta huɗe na yamma. Ta bar tamu a tsakiya. Yaya da 'ya'yansa suka yi tasu huɗar da garmar hannu, ba takin zamani, suka shuka gero da dawa kamar kullum.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: masarar nan ta yi. A shekarar ta yi kyau ƙwarai, kore shar, goyo bibbiyu, har mutane na zuwa kallo daga wasu ƙauyuka. Gonar yaya a tsakiyarsu ta zama abin tausayi. Ina ganinsa yana tsayawa a kan iyaka, hannu a baya, yana kallon ta maƙwabta. Da kaka na auno hatsi a kasuwar Rogo na aika wa matarsa, kafin la'asar aka dawo mini da shi ko kwance bakin buhun ba a yi ba. Daga ranar wutar nan bai ƙara yi mini magana ba. Gida ɗaya, ƙofa ɗaya, in mun haɗu a zaure sai ya kau da kai. In na gaishe shi ya amsa wa bango.

Da rani ya tafi cirani Kano, yana dako a kasuwa. Da damina ta zo bai dawo ba, ya ba wani maƙwabci aron gonar, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa. Mutanen gari suka ce ni na kore shi. Na ce ban kori kowa ba, wanda ya zauna a ofis ya rubuta cewa sai an sare itace kafin a ba talaka taki, shi za a tambaya. Babbar ɗorawar kuwa ba ta warke ba. Gefen da ya ƙone ya riƙa ruɓewa, 'ya'yanta suka ragu, wata damina iska ta kwantar da ita. Ban bari kowa ya taɓa ta ba, ni na faskara ta da kaina na dafa kalwar sauran da ita.

Ba a daɗe ba takin zamani ya fara wuya, sai mai hanya ke samu. Taraktar ta lalace, aka ce ana jiran kayan gyara, ba mu sake ganinta ba. Gonakin da aka share suka koma hannun garma da fartanya, sai dai yanzu ba inuwar da mai noma zai zauna ya sha fura, in iska ta taso kuma ƙasar sai ta bi ta. Malamin gonan an sauya masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya zo da sabon bayani cewa a riƙa barin itace a gona. Ban je taron ba, ina da daka.

Inna ta rasu cikin shekarun casa'in, da sanyi. Har ta kwanta ciwo maganarta ɗaya ce, mu shirya. Yaya ya zo jana'iza, ya rame, furfura ta fito masa. Bayan an yi sadakar uku, mutane sun ragu, sai ga shi a ƙofar ɗakina. Na shimfiɗa masa tabarma da sauri, na ce a raina yau Allah ya karɓi roƙon Inna. Muka yi wa juna ta'aziyya. Wannan ce maganarmu ta farko tun ranar wutar.

Sai ya ce, "Gonar zan sayar. Akwai wani mai kuɗi a Kano da ke so, masara zai yi. Amma ya ce ba ya sayen gona da itacen wani a ciki. Ki sallama mini huɗun nan, ya biya ki, mu rufe wannan magana, mu koma yadda muke."

Ina son yayana. A duniya ba ni da sauran wanda muka fito ciki ɗaya sai shi, ga Inna ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Da kuɗi ya roƙa, ko ɗakin da nake ciki, da na ba shi. Amma babbar 'yata ta fara koyon daddawa, kuma na san mai kuɗin nan ba zai kwana bakwai ba zai turo masu gatari.

Na ce, "Yaya, mu koma yadda muke, wannan ina so, ko yau. Amma ba da ɗorawa za a saye shi ba. Ka sayar da ƙasarka, taka ce. Ka gaya wa mai sayen akwai mai itace a kai, kuma tana da rai."

Ya dube ni, ya miƙe, ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya ce, "Shi ke nan, ki zauna da su." Da azahar ya hau motar Kano.

Ya sayar wa wani daban, ɗan garinmu, da rangwame, da sharaɗin itacen nawa ne. Bai sake taka ƙauyen ba. Na aika gaisuwa da sallah, na aika da daddawa, na je Kano da kaina sau ɗaya aka ce ba ya nan alhali ga takalmansa a ƙofa. Ina kewarsa har gobe, wani lokaci ina cikin daka sai hawaye ya zubo. Amma ko yau ya dawo da wannan buƙata amsar ba ta sauya ba. Duk rani in 'ya'yan ɗorawa sun nuna, ni da 'yata mukan ɗauki gora mu yi wa mai gonar sallama, mu shiga mu sauke abinmu.